Ƙaddarar da Ba Ta Laluba Aljihu Ba

Saura ƙiris in fasa rubuta muku wannan kashi. Sau uku ina farawa ina gogewa. Ba kuka ne ya hana ni ba, kukan na riga na gama shi. Saƙonninku ne. Tun da na faɗa muku mutumin nan ya daina zuwa shagonmu, na buɗe waya na tarar kowa da irin jajensa. "Ki yi haƙuri 'yar uwa, ƙaddara ce." "Wayyo, rashin sa'a." "Wasu masoyan haka aka rubuta musu." Wata baiwar Allah har fasasshiyar zuciya ta jera min guda shida. Na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ku gyara zama, don ni na ga ƙaddarar tawa ido da ido. Tana taunar cingam, kuma ba ta ajiye waya ko da hannunta ɗaya cikin kumfa yake.

Kada wani ya ce na yi saɓo. Na yi imani da abin da Allah ya rubuta, mai daɗi da marar daɗi. Abin da nake faɗa shi ne, a gidanmu ƙaddara ta zama igiyar shanya. Kowa ya yi sakacinsa sai ya matse shi ya rataya mata.

Ga waɗanda yau suka fara bin labarin: ni ce auta a gidanmu, aji huɗu na tsaya a makaranta, don haka in kun ga rubutuna ya karkace ku miƙe shi da kanku. Ina aiki a shagon wanki da guga na Yayana. Ɗaki biyu ne. Na gaba akwai kanta da layin hanga, kaya sun sha leda suna jiran masu su. Na baya akwai injin wanki guda ɗaya mai jijjiga kamar zai tashi sama, da teburin guga, da 'yar tsakar da muke shanya. Yaya ne ke zama gaba, shi ke riƙe da wayar shago, shi ke hira da masu kaya. Ni ina baya, labule ya raba mu. Ina son bayan nan, don kaya ba sa kallon mutum. Ni in namiji ya gaishe ni, takalminsa nake amsa wa.

Da yake ba ni da saurin rubutu, ba na rubuta sunan masu kaya. Alama nake yi da tawada a cikin wuyan riga. Wani da'ira, wani layi biyu, wani ƙugiya. Shi nasa ɗigo uku ne, shi ya sa a nan nake ce masa Ɗigo Uku.

Akwai doka ɗaya da Babanmu ya dasa mana kafin ya rasu: kafin riga ta taɓa ruwa, a laluba aljihu. Kowane aljihu, har ɗan tsurut ɗin nan na cikin wando. Biro ɗaya ya isa ya kashe maka kayan mutum goma. Abin da ka samu, ka zuba a 'yar leda ka maƙala wa hangar mai shi.

Ɗigo Uku a ɗakin gwajin jini na wani asibiti yake aiki. Dogo ne siriri, mai tabarau, yana tafiya kamar ba ya son ƙasa ta ji nauyinsa. Duk Litinin yakan kawo fararen rigunan aikinsa guda uku, Laraba ya karɓa. Ya gaisa da Yaya, ya kalli labule, ya tafi. Wata Litinin na sa hannu a aljihun ƙirji na ji takarda. An rubuta da manyan haruffa: "Mai guga, karin hannun rigar nan ya fi na ko'ina. Na gode." Na bi doka, na saka ta a leda na maƙala masa. Litinin ta gaba na sake jin wata. "Takardar taki ce. Ba mantuwa na yi ba."

Wallahi ranar saura kaɗan in ƙona wa wani mutum wando.

Sai da na yi mako biyu kafin na amsa. Na samu bayan kwalin sabulu, na zauna ina ta tunanin kalmomi masu daɗi, daga ƙarshe abin da na rubuta shi ne "To." Na goge rigar, na zura shi a aljihu. Da wannan "To" ɗin muka yi wata biyar. Yana ba ni labarin manyan mutane masu ƙaton ciki da suke suma in sun ga allura. Ina ba shi labarin mai da'ira da yake kawo riga ɗaya sau uku yana rantsuwa ba mu wanke ba. Ya taɓa tambayata launin da na fi so. Na taɓa tambayarsa ko ba ya jin tsoron jini. Bai taɓa tambayar lambar wayata ba, ban taɓa bayarwa ba. Lambar shago yake da ita, wadda ke aljihun Yaya. A lokacin na ɗauka wannan ita ce soyayya mai tsabta. Yanzu na san sunanta: mutum biyu masu baki, kowa na jiran riga ta yi masa magana.

Sai in koma baya kaɗan, don ku gane Gwaggo, ƙanwar Babanmu. Kafin Ɗigo Uku mutum biyu sun taɓa nuna suna sona. Na farko mai gyaran babur ne. Kwana shida da fara gaishe ni ya faɗi ya karye a ƙafa. Na biyu mai cajin waya ne, wata guda da fara zuwa wurina, shagonsa ya kama da wuta. Daga nan Gwaggo ta yanke hukunci: farar ƙafa gare ni, duk wanda ya kusance ni sai tsiya ta bi shi. Ba a ɗaki ta faɗa ba, a ko'ina ta faɗa, har layin masu ɗiban ruwa. Ba wanda ya tuna cewa mai gyaran babur wata uku yana hawa ba birki, da silifas yake tsayawa. Ba wanda ya tuna mai caji waya arba'in yake jonawa a soket ɗaya yana ɗaure waya da leda. A'a, ƙafata ce. Ƙafar da ba ta taɓa taka shagonsa ba.

To, wata Litinin zazzaɓi ya kayar da ni. Irin wanda haƙora ke kaɗawa da rana tsaka. Yaya ya ce matarsa ta riƙe baya kwana uku. Anti ke nan. Kafin ta fita ta leƙo ɗakina, tana ɗaura ɗankwali, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa.

Na ce, "Anti, aljihu."

"Me?"

"Ki laluba aljihu kafin ki zuba."

Ta cire wayar daga kunne ta kalle ni. "Auta, ni za ki koya wa wanki? Tun kina tsumman goyo nake wanki. Kwanta ki ji da kanki."

Na kwanta na ji da kaina.

Alhamis na koma shago. Rigunansa an karɓa tun Laraba. Ban damu ba, na ce Litinin na nan tafe. Litinin ta zo, ba shi. Wata Litinin ta zo, ba shi. Duk wanda ya yi sallama sai in tsaya da dutsen guga a sama ina sauraron murya. Na daure na ce wa Yaya ta bayan labule, "Yaya, mai fararen rigunan nan ya daina zuwa." Ya ce, "Ƙila ya samu inda ya fi masa." Da ya fita salla ya bar wayar a kan kanta, na yi abin da ban taɓa yi ba, na buɗe. Ga saƙonsa nan:

"Na gane. Na gode da komai. Ba zan ƙara damun ku ba."

A ƙasa Yaya ya amsa: "Ba damuwa kwastoma, sai mun ji ka." Ya ƙara da hoton babban yatsa.

Babban yatsa, jama'a. An rufe min rayuwa da babban yatsa.

Me ya gane? Na tsaya ina kallon saƙon har haskensa ya mutu. Lambar kuwa ta zauna min a ka daram, ko yanzu aka tashe ni zan karanto ta. Ban kira ba. Na ce ai shi ya ce ya gane, ni wace ce da zan ce bai gane ba.

A gida magana ta riga ta fita, don Anti ta daɗe da lura cewa rigunan nan uku sau biyu nake goge su. Gwaggo ta zo musamman. Ta zauna a kujerar da ta fi kowace kusa da fanka, ta cire mayafi ta ninke a cinya.

"Na uku ke nan. Shi wannan me ya same shi?"

Na ce, "Ba abin da ya same shi."

"To Allah ya so shi, ya tsira da ƙafafunsa biyu." Ta juya wajen Inna. "Ni dai na faɗa muku tun farko. 'Yar nan ku bar ta ta riƙe dutsen gugarta. Shi ba ya karyewa, ba ya kamawa da wuta."

Inna ta ce, "Haba Gwaggonsu."

"Haba me? Ƙarya na yi?"

Anti na gefe tana latsa waya. Ta fasa cingam ɗinta, ƙas, ta ce, "Ƙaddara ce Gwaggo. Auta ki yi haƙuri kin ji, haka Allah ya so." Har da dafa min kafaɗa. Ku riƙe wannan dafawar, ni ma na riƙe ta.

Abin kunyar shi ne na fara yarda. Na fara kallon ƙafafuna in ina wanka. Akwai daɗi a cikin yarda da rashin sa'a, ba wanda ya taɓa faɗa min. Ba sai ka yi komai ba. Ka zauna kawai a yi ta ba ka haƙuri.

Ranar Laraba ta makon jiya Yaya ya tafi sayo garin sabulu, dole na fito kanta. Wajen azahar wata budurwa ta shigo. Doguwar riga koriya mai duwatsu a wuya, mayafi ruwan madara, takalmi mai tsini, turarenta ya riga ta shigowa. Ta dire ƙatuwar jaka a kan kanta.

"Guga kawai. Gobe da yamma nake so, jibi da sassafe mai su zai tafi."

Na zuge jakar, na ɗaga wuyan rigar farko don in yi alama. Alama na nan. Ɗigo uku, da hannuna.

"Ke ce mai gugar?"

Na gyaɗa kai.

"Ɗago in gan ki."

Na ɗago kaɗan. Ta kalle ni tun daga ɗankwali har silifas, ta taɓe baki.

"Wallahi na ɗauka wata sarauniya zan tarar. Ni ƙanwarsa ce. Shagon guga uku na wuce kafin nan, don kawai in ga wadda ta mayar da yayana kamar marar lafiya. Baiwar Allah, ba dole ba ne ki so shi. Amma ko a'a ai kya rubuta masa. Tawadar ce ta ƙare?"

Na zaro ido ina kallonta.

"Kada ki yi min kallon ban sani ba. Ni ya karanta wa takardar sau biyu kafin ya ninke. Ya ce miki an mayar da shi wani gari ƙarshen wata. Ya ce Ummanmu ta ji maganar ƙafarki, shi bai yarda da wannan shirmen ba, har faɗa suka yi. Ya ce in kin amince ya turo manya, ki sa masa amsa a aljihu. In ya tarar da aljihu wayam ya gane, ba zai ƙara damunki ba. Ya zo gida ranar Laraba ya zazzage rigunan nan uku a kan gado, ya juya kowane aljihu. Har ɗinkin ya bi da yatsa, wai ko ta faɗa ciki. Ƙaton mutum da tabarau."

Injin wanki na ta jijjiga a baya. Na dafa kanta.

"Umma dai ta ce Allah ne ya raba, ta yi sadaka. Akwai 'yar ƙawarta a can garin da zai koma, an fara magana. Shi ya ce duk yadda aka yi daidai ne." Ta gyara mayafi. "Ƙaddara ce dai. A sa sitati a fararen, ban da masu launi."

Na ce, "Ban gani ba."

Amma a lokacin da maganar ta fito, ƙarar takalminta ta kai bakin titi.

Ban jira Yaya ba. Na ja ƙofar shago na rufe, da rana tsaka, abin da ba a taɓa yi ba. Na tarar da Anti a falonta, kwance a doguwar kujerar nan da har yau ba a cire mata ledar kanti ba, fanka na kaɗa labule, tana kallon wani abu a waya tana dariya ita kaɗai.

"A'a, Auta, lafiya? Wa ke shago?"

"Anti, ranar da kika yi wanki, kin laluba aljihu?"

"Wace rana kuma? Ni ina zan tuna."

"Ranar da nake zazzaɓi."

"Na laluba mana."

Na tsaya a kanta kawai. Shiru shi ne abu ɗaya da na iya fiye da kowa a gidan nan, ban taɓa sanin yana da amfani ba sai ranar. Ta juya waya, ta gyara filo, ta sosa kunne. Daga ƙarshe ta tashi zaune.

"To wasu na laluba, wasu ban laluba ba. Ƙawata ce ta kira ni, mijinta ya yi mata wani abu, ba zan kashe mata waya ba. Wata 'yar takarda ce ta dame a ciki. Da na kwashe na ga farin abu ya manne wa baƙin wandon wani kamar an watsa masa gari. Awa guda na yi ina tsincewa da farce. Na wanke rariyar injin, na kakkaɓe aljihun, na goge shi tas. Ko ke ba za ki gane ba."

"Kin san aljihun waye?"

Ta kalli fanka. "Na ga ɗigo uku."

"Kin san kuma ba rasit ba ne."

"Na yi zargi."

"Mako uku, Anti. Kina kallona ina ramewa. Kin dafa min kafaɗa a gaban Gwaggo."

"To in faɗa miki, ki faɗa wa Yayanki, ya yi min tijara a kan aljihu har maƙwabta su ji? Kin san bakinsa. Wata guda zai yi yana cewa Babanmu ya ce, Babanmu ya ce." Ta ɗaga murya, ta samu ƙarfi. "Kuma tsakani da Allah, Auta, ni na sa miki zazzaɓi? Duk Litinin ɗin duniya sai wannan kika zaɓa ki kwanta? Ni na ce masa ya zuba aurensa a aljihu ya miƙa wa masu wanki? In ba ƙaddara ba mene ne wannan?"

Na ce, "Waya ce, Anti. Waya ce da tsoron faɗa."

Ta zuba min ido. Ina jin tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa jin na haɗa kalma bakwai a jere ba.

Na koma ɗakina na zauna a bakin katifa. In faɗa muku gaskiya, abin da ya fi ƙona min rai shi ne akwai gaskiya a maganarta. Zazzaɓin, na yarda, daga Allah ne. Shi kaɗai ne rabon ƙaddara a cikin labarin nan, kuma kwana uku ya yi ya tafi abinsa. Sauran duk namu ne. Mutum ya yi karatu har yana ganin cuta a cikin ɗigon jini, amma ya kasa ɗaga labule ya ce, malama, kin ga takardata? Ya tarar da aljihu ba komai, bai ce ko wani abu ya faru ba, sai ya zauna ya gane. Gwanin ganewa. Ni kuma gwanar haƙuri, lambarsa na kaina fiye da mako guda, wayata na hannuna, na zaɓi in zauna ina duba ƙafata ko ta yi fari. Da an bar mu, da ya tafi ya auri 'yar ƙawar Umma, da ni na tsufa a bayan labule, kuma kowa zai ce kai, labarin nan da ban tausayi, Allah bai yi ba. Har mu ma mu yarda. Har mu ji daɗin yadda muka sha wahala.

Kafin magariba na ɗauki waya na saka lambarsa. Na rubuta, "Assalamu alaikum, ni ce mai guga." Na goge. Na rubuta, "Takardarka ta shiga ruwa." Na goge. Ba kunya ce ta sa na goge ba wannan karon. Na tuna ne cewa wata biyar muna aiken juna, kuma ɗan aike ne ya kashe mu. In na tura, zan zauna ina kallon waya. In bai amsa ba, ni ma in gane. Na gaji da ganewa.

Washegari Alhamis, ranarsa ta ƙarshe a wurin aiki. Na yi wanka, na ciro doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan furanni, wadda nake ajiya a ƙasan akwati. Na goge ta da kaina har karinta zai iya yanka. Na yafa baƙin mayafi, na sa takalmin da ke matse min ɗan yatsa. Jakar kayansa tana can shago yadda aka kawo ta, ko ɗaya ban goge ba. Na ce in zai tafi, ya tafi a yamutse.

Na bi ta falon Anti na ajiye mata makullin baya a cinya.

"Ina za ki da sassafen nan?"

"Asibiti."

"Zazzaɓin ne ya dawo?"

"Ki laluba aljihu," na ce, na fita.

A motar haya sau biyu na kusa cewa a sauke ni. Asibitin ya fi yadda nake zato girma, ko'ina warin maganin goge ƙasa. Ban san yadda ake neman mutum a irin wurin nan ba. Me zan ce? Ina neman wani mai ɗigo uku a wuya? Sai na ga layi a gaban wata ƙofa, mutane na fitowa kowa da auduga a gwiwar hannu. Na je tagar da ke kusa. Wata mata mai kauri tana rubutu, ba ta ɗago ba.

"Gwajin me?"

"Kowanne."

Ta ɗago. "Ba mu da kowanne."

"Wanda ake ɗiban jini."

"Duk ana ɗiba, 'yata. Rukunin jini za a duba miki? Na aure ne?"

Fuskata ta ɗau zafi kamar na kifa ta a dutsen guga. Na ce, "Ban sani ba tukuna."

Ta yi dariya har biro ya faɗi, ta miƙo min 'yar takarda. Na bi layi. Mutum tara ne a gabana. Wani ƙaton mutum mai babban ciki yana ta share gumi yana tambayar na kusa da shi ko allurar babba ce. Mutum shida. Mutum uku. Ƙafata ta ce mu gudu, na ce mata ai ke aka ɗora wa laifi shekara biyu, yau sai ki tsaya.

"Na gaba."

Na shiga. Yana zaune ya ba ƙofa gefe, yana manna takarda a jikin wata 'yar kwalba. Ya rame. Rigar jikinsa wani ne ya goge ta, karin hannun ya fito biyu. Na zauna a kujera, na naɗe hannun rigata, na miƙa masa hannu. Ya ɗaura min roba a damtse, ya shafa auduga mai sanyi, duk bai ɗago ba.

"Dunƙule hannu. Ba zafi, kamar cizon sauro ne."

Na dunƙule. Allurar ta shiga. Na kalli takalminsa yadda na saba, sai na ce a'a. Na ɗago na kalli tabarau.

"Ni ce mai guga."

Hannunsa ya tsaya.

"Ban ga takardarka ba. Ina kwance ba lafiya, matar Yayana ta wanke ta a cikin riga. Jiya na ji abin da ke ciki." Muryata ta fita sosai, har wata ma'aikaciya da ke wanke hannu ta juyo. "Ba aljihu zan saka ba. Na amince. Ka turo su."

Kwalbar ta cika bai lura ba, sai da ma'aikaciyar ta ce, "Malam, ya isa haka, ka bar mata na komawa gida." Ya zare allurar, ya danna min auduga, bai ɗauke yatsansa ba. Ya cire tabarau da ɗaya hannun, ya mayar. Ya leƙa ƙofa ya ce na gaba ya ɗan jira.

Sannan ya kalle ni ya ce, a hankali, "Ta farkon ke nan. Na yi tunanin ko ruwa ya ci ta, shi ya sa na sake rubutawa. Ta biyun fa? Wadda na kai ranar Asabar ɗin makon, na ba yayanki hannu da hannu a ƙofar shago?"